Ruwan Haidirojin, Na'urar Shaƙa, ko Hanyar Likita: Wanne Ya Dace da Mai Ciwon Gaɓoɓi a Maraɗi?

Gwaggona ta yi shekara uku tana sallah a zaune kan kujerar roba, domin gwiwarta ta dama ba ta yarda ta kai ta sujada, kuma duk sanda ta yunƙura za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango tana salati. A watan da ya shige ɗanta na fari, mai fataucin kaya tsakanin Maraɗi da Kano, ya turo mata wani ɗan bidiyo ta WhatsApp: kwalba ce mai shuɗiyar fitila a gindi, ana danna maɓalli sai kumfa ƙanana su riƙa tasowa cikin ruwa, mai tallar kuma yana rantsuwa cewa ruwan nan na raba mutum da sanyin ƙashi. Ta miƙo mini salular ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi lakwal, duba mini. Yaron nan ya ce zai sayo mini, ni kuwa ina ganin da kuɗin gara in koma gidan likita." Na ce, "Gwaggo, ku ba ni kwana biyu." Kwana biyun ya zama mako uku, kuma abin da na tattara shi ne na rubuta a nan domin wanda ke tsaye inda take tsaye, da kuɗi ƙayyadaddu a hannu da zaɓi fiye da ɗaya a gaba.

Ma'aunin da za a auna kowane zaɓi da shi

Abu biyar na ɗora a kan sikeli. Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne hujja: an gwada abin a jikin mutane, mutum nawa, tsawon wane lokaci, kuma an kwatanta su da wasu da aka ba wa abu mai kama da shi wanda ba komai a cikinsa? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai a ciwon gaɓoɓi, saboda ciwo ne mai zuwa yana tafiya, yana tsananta da hunturu ya lafa da bazara, kuma mutumin da ya kashe kuɗi mai yawa a kan abu yakan ji sauƙi na ɗan lokaci ko da ruwan randa aka ba shi. Na biyu shi ne kuɗi, na saye da na ci gaba da amfani. Domin a sami abin kwatance, mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, wato sefa dubu 42. Na uku ƙarko, wato ko abin zai jure zafinmu da ƙurarmu da ɗaukewar wuta. Na huɗu sauƙin amfani ga dattijuwar da ba ta karanta takardar bayani. Na biyar haɗari.

Akwai abin da ke gaba da waɗannan duka, wato sanin sunan cutar. Kalmar sanyin ƙashi a bakinmu ta haɗa cututtuka da dama waɗanda maganinsu ya sha bamban. Akwai cinyewar guringuntsi, wadda ta fi kama gwiwa da ƙugu bayan an manyanta: ciwon yana ƙaruwa da aiki, sandarewar safe kuma ba ta cika wuce rabin awa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ke ɗauke da ita a 2019. Akwai amosanin gaɓoɓi mai kumburi, inda garkuwar jiki ke faɗa da gaɓoɓin mai ita, yana kama yatsu da wuyan hannu dama da hagu tare, safiya ta yi nisa hannu bai saki ba. Masu shi kimanin miliyan 18 ne, kashi 70 cikin ɗari mata. Akwai wanda ke tashin mutum tsakar dare da babban yatsan ƙafa ya yi ja ya kumbura, saboda taruwar wani gishiri a gaɓa. Akwai amosanin jini, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu, kuma yana iya kashe kan ƙashin ƙugu tun mutum yana matashi. Kwalba guda ba za ta zama amsar waɗannan duka ba.

Abin da aka sani game da haidirojin

Haidirojin, wadda masu karatun Faransanci ke ce wa idirojen, iska ce marar launi marar wari, kuma ita ce mafi sauƙin nauyi cikin iskoki duka. Sha'awar likitoci gare ta ta taso ne a 2007, lokacin da Shigeo Ohta da abokan aikinsa a Japan suka wallafa a mujallar Nature Medicine cewa ɓerayen da aka toshe wa jijiyar jinin ƙwaƙwalwa, aka kuma shaƙa musu iska mai kashi 2 cikin ɗari na haidirojin, ɓarnar da ta same su ta ragu. Bayanin da suka bayar shi ne, jiki yana haifar da wasu ɓurɓushin sinadarai masu cin nama kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, suna kuma yawaita inda ake da kumburi, haidirojin kuwa tana kashe kaifin mafi muni daga cikinsu. Tunda kumburi na cikin tushen ciwon gaɓoɓi, ba abin mamaki ba ne da aka juya aka gwada ta a can.

Ga abin da gwaje-gwajen suka nuna. A 2012 Toru Ishibashi, likita a birnin Fukuwoka, ya ba mutum 20 masu amosanin gaɓoɓi mai kumburi mililita 530 na ruwan haidirojin kullum har mako huɗu, aka huta mako huɗu, aka sake mako huɗu, kuma ma'aunin tsananin cutar ya sauka. Sai dai kowa cikinsu ya san abin da yake sha, kuma ba a ware wasu masu shan ruwa zalla domin kwatance ba. A 2014 ya sake gwaji da mutum 24, wannan karon ta ƙarin ruwa a jijiya na kwana biyar, tare da rukunin kwatance, sakamakon ya sake karkata ga haidirojin. A ɓangaren tsoka, an gwada ƴan ƙwallon ƙafa 10 a 2012 aka ga sinadarin gajiya ya ragu a jininsu bayan motsa jiki, an kuma gwada ƴan wasa 36 masu raunin tsoka da jijiya a Sabiya a 2014. Wani gwaji na 2011 a Japan a kan mutum 22 masu cututtukan tsoka ya ga wasu alamun jini sun motsa, amma ciwon kansa bai nuna wani sauyi a fili ba.

Mai karatu ya lura da alƙaluman: 20, 24, 10, 36, 22. Magungunan da asibiti ke dogara da su an gwada su a kan ɗaruruwa da dubbai na tsawon shekaru. Waɗannan ƙananan gwaje-gwaje sun isa su sa masu bincike su ci gaba da aiki, ba su isa su sa mutum ya sayar da tunkiyarsa ba. Babu babban gwajin da ya nuna haidirojin tana maido da guringuntsin da ya cinye, kuma manyan ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi ba su sa ta cikin ƙa'idojin magani ba. Shi kansa Ishibashi ƙari a kan maganin da aka saba ya kira ta.

A gefen lafiyarta kuwa labarin ya fi daɗi. Ita kanta iskar ba guba ba ce. Kamfanin COMEX na Faransa ya sa masu nutso sun shaƙi cakuɗen iska mai haidirojin da yawa, har a 1992 aka kai matsin da ya yi daidai da zurfin mita 701 a cikin ɗakin gwaji. Tarayyar Turai ta yarda da ita cikin abubuwan da ake sa wa abinci da lamba E949, Amurka ma tun 2014 ba ta hana sa ta cikin abin sha ba. Masu talla na son kawo wannan amincewa kamar shaidar magani ce, alhali abin da take nufi kawai shi ne ba ta cutarwa idan an sha.

Sai wani alƙalami da ya kamata mai saye ya riƙe. Litar ruwa guda, a buɗe, ba ta riƙe haidirojin fiye da kimanin miligiram 1.6, kuma ƙwayar gero ɗaya ta fi wannan nauyi nesa. Ruwan da Ishibashi ya yi amfani da shi yana da miligiram 4 zuwa 5 a lita, an cusa masa iskar ne da matsi. Kuma ƙwayoyin halittar da ke hanjin kowannenmu suna samar da haidirojin kullum, musamman bayan an ci wake, ninkin abin da kwalba ke bayarwa.

Zaɓi na farko: kwalba mai caji

Ita ce Gwaggo ta gani a bidiyo. Tana raba ruwa da lantarki zuwa haidirojin da oksijin cikin ƴan mintuna. A kasuwannin intanet farashinta yana kamawa daga wajen jika 20 zuwa sama da jika 100, kafin kuɗin kawowa. Sauƙin amfani tana da shi, danna maɓalli ne kawai, amma dole a shanye ruwan nan take, domin iskar tana ficewa da zarar an buɗe murfi, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin sakinta. Wanda ya haɗa ruwan da safe ya juye a gora ya tafi kasuwa da shi cikin zafin Afrilu, da azahar ruwa zalla yake sha.

Ƙarko shi ne babban rauninta a wurinmu. Batirinta irin na salula ne, zafi na rage masa kwana. A gindinta akwai wata siririyar fata mai tace iska wadda ba ta son bushewa, ruwan rijiya ko na fanfo mai gishirin ƙasa kuma yana tara mata farin dafi kamar wanda ake gani a cikin butar shayi. Idan ta lalace, mai gyaran salula na iya sauya wurin caji, amma fatar ba a samunta a teburinsa. Abin da ya fi damuna shi ne mai ita ba shi da hanyar sanin ranar da ta daina aiki, domin fitila za ta ci gaba da haske, kumfa kuma ba shaida ba ce cewa iskar ta narke cikin ruwan. Haɗarinta kaɗan ne, sai dai masu arha waɗanda ba su da fatar da ke ware iskoki suna iya sakin kulorin cikin ruwan sha. Idan ruwan ya yi warin ruwan jabel, a zubar.

Zaɓi na biyu: ƙwaya mai narkewa da ruwan da aka riga aka ɗura

Ƙwayar tana ɗauke da ƙarfen magnesiyom, wanda idan ya haɗu da ruwa yake sakin haidirojin. Ba ta buƙatar wuta, ba ta da abin lalacewa, kuma tana iya ba da iskar fiye da kwalba mai arha idan aka sha da gama narkewarta. Aibinta kuɗin da ba ya ƙarewa: ƙwaya ɗaya kullum tana iya cin jika 15 zuwa 30 a wata, wato cikin wata biyu ko uku ta kamo kuɗin kwalba. Laimar damina na ɓata ta idan ba a rufe gwangwanin da kyau ba. Haɗarinta daga magnesiyom yake, wanda ke saki ciki, yake taruwa a jinin mai ciwon ƙoda, yake kuma hana wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su siprofuloksasin da doksisikilin shiga jiki idan an sha su tare.

Ruwan da aka ɗura tun daga masana'anta ba ya buƙatar dogon bayani. Haidirojin tana ratsa roba ta fice, jaka ko gwangwanin alminiyom ne ke riƙe ta na wani lokaci. A 2016 cibiyar kare masu saye ta Japan ta auna irin wannan ruwa da ke kasuwa, ta tarar wasu na cikin gorar roba ba su da iskar ko kaɗan. Duk wanda ya kawo wa mutum ruwan haidirojin a leda irin ta fiya-wata, ruwa ya sayar masa da tsada.

A nan ya zama dole in tsaya in yi gargaɗi. Ruwan wanke rauni mai kumfa da ake sayarwa a farmasi, wanda ake ce wa o-oksijene, sunansa na kimiyya yana ɗauke da kalmar haidirojin, amma abu ne daban gaba ɗaya, shansa yana ƙona maƙogwaro da ciki. Haka kuma ƙarin ruwan da aka yi a gwajin 2014 aikin asibitin bincike ne. Kada kowa ya miƙa hannunsa a ɗaura masa irinsa a shago ko a gida.

Zaɓi na uku: na'urar shaƙa

Wannan ita ce babbar yaya a tsada, daga jika ɗari da wani abu ga ƙanana zuwa miliyoyin sefa ga manya. Tana kai iskar jiki fiye da ruwan sha, wannan gaskiya ne, amma yawancin binciken da aka yi a kan shaƙa ya shafi zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, gwaje-gwajen gaɓoɓin da aka fi ambata kuwa da ruwa aka yi su. Tana buƙatar tataccen ruwa irin wanda aka mai da tururi aka sake tarawa, tana buƙatar wuta tsayayya na awa ɗaya ko fiye a kowane zama, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatarta.

Haɗarinta ne ya sa na cire ta daga lissafin Gwaggo tun ranar farko. Haidirojin tana kama wuta idan yawanta cikin iska ya kai kashi 4 cikin ɗari, har zuwa kashi 75, kuma ɗan tartsatsi ya ishe ta. Wasu na'urorin suna fitar da kashi biyu cikin uku haidirojin, kashi ɗaya oksijin, wanda cakuɗe ne mai fashewa. To a dubi ɗakin dattijuwa a Maraɗi cikin watan Janairu, lokacin da gwiwa ta fi ciwo: taga a rufe da labule, kaskon gawayi a gefen gado, turaren wuta yana hayaƙi a kusurwa, da dare a kunna maganin sauro mai naɗi, jikoki suna shiga suna fita. Ba na jin akwai sauƙin gwiwar da ya kai a sa bututun wannan iska a irin wannan ɗaki.

Zaɓi na huɗu: ganin likita da maganin da aka rubuta

A nan hujja ta fi ƙarfi, amma ƙarfinta ya danganta da cutar. Ga amosanin gaɓoɓi mai kumburi, metotireksat, wanda ake sha sau ɗaya a mako tare da ƙwayar folik, yana hana gaɓoɓi lalacewa idan an fara shi cikin watannin farko, kuma yatsan da ya riga ya karkace ba ya miƙewa. Yana buƙatar awon jini lokaci zuwa lokaci, haramun ne ga mai ciki ko mai neman ciki, kuma wanda ya yi kuskuren shansa kullum maimakon mako-mako yana iya rasa ransa. Ga ciwon babban yatsa akwai kolshisin na lokacin tashinsa da alopurinol na hana shi dawowa. Ga cinyewar guringuntsi kuwa gaskiya ita ce babu ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da ake yi rage ciwo ne, kuma man shafawa na dikulofenak ya fi ƙwayarsa aminci ga gwiwa, domin ƙwayar dikulofenak da ibuprofen idan aka daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki da zubar jini, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Allurar da ake yi cikin gwiwa tana ba da sauƙi na wasu makonni, ba a kuma yawan maimaita ta.

Kuɗin wannan hanya a warwatse yake: na ganin likita, na hoton ƙashi, na awon jini, na magani, na adaidaita zuwa da dawowa, ga kuma zaman layi wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon ƙugu. Duk da haka zagayen farko ba ya cika kai kuɗin kwalba mai kyau ba, balle da aka rage kuɗin aikin lafiya a asibitocin gwamnati tun Satumban 2024. Maraɗi tana da asibitin jiha da babban asibitin da ake tura marasa lafiya, don haka ba sai an je Yamai ko Kano ba kafin a san sunan cutar.

Kada a haɗa wannan hanya da ƙullin ƙwayoyin da mai talla ke zubowa a tafin hannu, ja da fari da rawaya. Sau da yawa a cikinsu akwai dekisametazon, mai ɗauke ciwo kamar an cire ƙaya, sannan bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Tiramol kuwa kowa a garin nan ya ga abin da ya mai da wasu matasa.

Zaɓi na biyar: motsa gaɓa, rage nauyi da gyaran zaman gida

Wannan ne zaɓin da ba wanda ke yi masa bidiyo, alhali ga cinyewar guringuntsi da yawancin ciwon baya shi ƙa'idojin likitoci suka sa a sahun gaba. Tsokar gaban cinya ita ce ke tallafe gwiwa, idan ciwo ya sa mutum ya daina tafiya sai ta rame, gwiwar ta ƙara ɗaukar kaya, ciwon ya ƙaru. Ana katse wannan zagaye da abubuwa masu sauƙi: a zauna kan kujera a miƙe ƙafa a riƙe a ƙirga goma, a tashi daga kujera a koma sau goma, a yi tattaki bayan asuba kafin rana ta ɗaga. Ma'aikacin gashin ƙashi, wanda ake ce wa kine, zai nuna wa mutum daidai da ciwonsa cikin zama kaɗan, sauran aikin a gida ne. Kowane kilo guda da mai ƙiba ya zubar yana rage wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Sanda ana riƙe ta a hannun da ke gefen gwiwar mai lafiya. Kujerar tsuguno a gaban murhu da tsuguno a makewayi suna cikin abin da ya fi wahalar da gwiwa, kuma kafinta zai iya magance duka biyun da katako kaɗan.

Kuɗinsa kusan babu, ba ya lalacewa, haɗarinsa ɗan ƙarin tsami ne a makon farko. Wahalarsa haƙuri, domin sai an yi wata biyu zuwa uku ana yi kafin a ga amfani, kuma amfanin yana tafiya idan an daina.

| Zaɓi | Hujja ga gaɓoɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwalba mai caji | Ƴar kaɗan | Jika 20 zuwa sama da 100 | Rauni: zafi, batir, dafin ruwa | Mai sauƙi, a sha nan take | Kaɗan, kulorin a masu arha |
| Ƙwaya mai narkewa | Ƴar kaɗan | Jika 15 zuwa 30 duk wata | Laima na ɓata ta | Mai sauƙi | Gudawa. Ba ta dace da mai ciwon ƙoda ba |
| Na'urar shaƙa | Mafi ƙaranci | Daga jika ɗari zuwa miliyoyi | Sai da wuta da tataccen ruwa | Mai wuya | Gobara da fashewa |
| Maganin likita | Mai ƙarfi | Matsakaici, a hankali | Sai an ci gaba da zuwa | Layi da awo | Ciki, ƙoda, hanta. Ana sa ido |
| Motsa gaɓa da rage nauyi | Mai ƙarfi ga gwiwa da baya | Kusan babu | Muddin ana yi | Sai da haƙuri | Kaɗan ƙwarai |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda gaɓarsa guda ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko mai ciwon baya da ke ramewa yana gumin dare, ko wanda ƙafafunsa suka fara mutuwa ko fitsari ke kuɓuce masa, ko yaron da ke kuka da ƙasusuwa idonsa ya yi rawaya, ba shi da zaɓi biyar, asibiti zai tafi a ranar. Mugunya a gaɓa tana lalata ta cikin kwanaki, tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma akwai zazzaɓin gaɓoɓi da ake ɗauka daga nonon da ba a dafa ba, wanda ya kamata masu kiwo su faɗa wa likita.

Matar da yatsunta suka kumbura dama da hagu, take kasa ɗaura zane da safe, maganin likita ne nata, da wuri. Ita ce gwajin Ishibashi ya fi shafa, kuma ita ce za ta fi asara idan ta bar magani ta koma ruwa. In tana da hali tana son ƙarawa da haidirojin, ta gaya wa likitanta, kada ta rage ko ƙwaya ɗaya daga abin da aka rubuta mata.

Matashi ɗan ƙwallo ko ɗan dako da tsokarsa ke tsami bayan aiki mai nauyi, tsamin na tafiya da kansa cikin kwana uku zuwa biyar. Barci da abinci da ruwan sha sun ishe shi, targaɗen da ya hana taka ƙafa kuma hoto yake buƙata kafin a kai wa maɗori.

Mai hali wanda ya riga ya san cutarsa, yana kan magani da motsa jiki, ƙodarsa lafiya, kuma zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai ya gwada, ƙwaya mai narkewa ta wata guda ta fi masa, domin ita ce asararta ke da iyaka. Ya sami ɗan littafi, ya yi mako huɗu kafin farawa yana rubuta tsananin ciwon kullum daga sifili zuwa goma da yawan tashin da yake iya yi daga kujera cikin daƙiƙa 30, sannan ya ci gaba da rubutawa mako huɗu yana sha. Kada ya fara a ƙarshen hunturu, lokacin da gwiwa kan iya samun sauƙi da kanta. Idan lambobin ba su motsa ba ya tsaya nan.

Dattijo ko dattijuwa mai cinyewar guringuntsi, wanda shi ne mafi yawan masu wannan tambaya, zaɓi na biyar ne nasa, da man shafawa daga na huɗu. Gwaggo cikin waɗannan ta faɗa, hoton ya nuna ratar da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar dama ta matse ta gefen ciki. Kuɗin da ɗanta ya ware wa kwalba ya biya hoton, da man shafawa, da zama huɗu wurin kine, da kujerar makewayi da kafintan unguwa ya haɗa, har da canji. Ranar da muka fara ƙirga mata tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30 ta yi biyar tana dafa gwiwa. Jiya jikarta ta ƙirga mata bakwai. Ɗanta bai haƙura da maganar kwalbar ba, ya ce in ya koma Kano zai sake dubawa, ita kuwa ta ce masa ya bari sai bayan wata uku a ga abin da littafin ya nuna.